Trove da gawar bakin tekun Somerton: ra'ayina bayan na sha tonon tsofaffin jaridu

Gaskiya na daɗe ina son in yi rubutu a kan Trove, don duk lokacin da na ga wani ya fara shiga harkar nan ta bin diddigin tsofaffin kes da ba a warware ba, sai in ga ko dai ya tare a YouTube yana kallon bidiyo goma da duk abu ɗaya suke maimaitawa, ko kuma ya je ya zuba kuɗinsa a shafukan binciken salsala tun bai ma san abin da yake nema ba, alhali ga wuri nan da ba a biyan komai. Ni tun 2020 nake amfani da shi, lokacin zaman kulle na korona, kuma kes ɗaya ne ya kai ni, na mutumin nan da aka tsinci gawarsa a bakin tekun Somerton a Ostireliya. Don haka abin da zan faɗa ba ji na yi ba, a kan wannan kes ɗin na gwada shi ciki da bai.

Ga wanda bai sani ba, Trove shafi ne na babban laburaren ƙasa na Ostireliya da ke Canberra, sun buɗe shi a 2009. Akwai hotuna da taswirori da littattafai da mujallu a ciki, amma abin da ke jan mutane irina shi ne jaridu. Sun ɗauki hoton tsofaffin jaridun ƙasar shafi bayan shafi tun daga ta farko, Sydney Gazette ta 1803, suka sa kwamfuta ta karanta rubutun ta mayar da shi wanda za ka iya nema da kalma. Kana shiga kawai ka rubuta abin da kake so, ba sai ka yi rijista ba. Idan labarin ya buɗe za ka ga hoton ainihin shafin jaridar a gefe ɗaya, rubutun da kwamfuta ta karanta a ɗaya gefen, kuma za ka iya sauke shi a matsayin hoto ko PDF. Rijistar ma kyauta ce, amfaninta shi ne ka riƙa tara labaran da ka samo a jeri naka na kanka ka sa musu alama, wanda in ka yi nisa a bincike za ka gane ba ƙaramin taimako ba ne.

To bari in ɗan ba da labarin kes ɗin don abin da zan ce a kan shafin ya fito sosai. Ranar 1 ga Disamba 1948 da sassafe, wajen ƙarfe shida da rabi, aka ga wani mutum a kwance a bakin tekun Somerton kusa da Glenelg, kudu da birnin Adelaide, kansa jingine da katangar bakin ruwa, sanye da kwat da taye tsaf-tsaf, ya mutu. Shekarunsa za su kai 40 zuwa 45. Babu walat, babu katin shaida, kuma duk tambarin kamfani da ke jikin tufafinsa an cire. A aljihunsa akwai tikitin jirgin ƙasa zuwa Henley Beach da ba a yi amfani da shi ba, da tikitin bas, da mataji, da cingam, da ashana, da kwalin taba. Likitocin da suka duba gawar sun ga saifarsa ta kumbura kusan ninki uku, sun yi zargin guba, amma gwaji bai nuna guba ba. Wasu mutane sun ce tun da yammacin jiya sun ga wani a kwance a daidai wurin har ya ɗaga hannu, sun ɗauka maye ne ya kayar da shi.

Yanzu ga inda Trove ya fara burge ni. Kafin in shiga shafin na riga na sha labarin a bidiyo, kuma yadda ake ba da shi za ka ɗauka a ranar da aka tsinci gawar aka ga takardar sirri da lambobi da littafin waƙoƙi da duk wani abin mamaki, kamar fim. Da na shiga na rubuta Somerton da kalmar gawa da Turanci, na taƙaita shekarar a 1948, na ce a jero min daga mafi tsufa, abin da ya fito min a The Advertiser ta Adelaide ta ranar 2 ga Disamba 1948 shafi na 3 wani ɗan guntun labari ne, layuka kaɗan, babu wani armashi. Kuma abin da ya sa na yi shiru na ɗan lokaci, a cikin wannan ɗan labarin jaridar ta kama sunan wani mutum da unguwarsa ta ce ana jin shi ne mamacin. Washegari mutumin ya shiga ofishin 'yan sanda da ƙafarsa, yana nan da ransa. Kaga tun ranar farko ke nan an fara liƙa wa gawar nan sunan da ba nata ba, kuma ba ɗan bincike na intanet ya yi ba, jarida ce sukutum. Zuwa Nuwamba 1953 'yan sanda sun ce sun karɓi amsa ta 251 daga jama'a, kowa da wanda yake rantsuwa shi ne.

Daga nan sai na riƙa bin labarin wata bayan wata yadda mutanen lokacin suka karanta shi, kuma wallahi wani abu ne daban. Sai 14 ga Janairu 1949 aka gano akwatin da aka ajiye a tashar jirgin ƙasa ta Adelaide tun 30 ga Nuwamba ba a dawo an ɗauka ba, a ciki akwai wani zare ruwan lemo irin wanda aka yi ɗinkin gyara da shi a aljihun wandon mamacin, da kayan sawa da aka bar sunan Keane a jikin wasu, a taye an rubuta T. Keane, a singileti kuma Kean ba e a ƙarshe. Sai a watan Afrilu, wata huɗu da ɗoriya bayan mutuwar, aka zaro 'yar takardar nan da aka nannaɗe a cikin ƙaramin aljihun agogo na wandonsa, an buga Tamam Shud a jiki. Farisanci ne, ma'anarsa an gama, kuma duk wanda ya saba ganin tammat a ƙarshen littafi zai ji kalmar ba baƙuwa ba ce a kunnensa, tushensu ɗaya. An yago ta ne daga shafin ƙarshe na Rubaiyat, littafin waƙoƙin mawaƙin Farisa Omar Khayyam. An binne shi 14 ga Yuni 1949 a maƙabartar West Terrace, bayan an ɗauki siffar kansa da kafaɗunsa da filasta. Sai a watan Yuli wani ya kawo wa 'yan sanda littafin da aka yagi takardar daga ciki, ya ce a motarsa ya tsince shi a Glenelg, a bayan littafin aka ga layuka biyar na haruffa da har yau ba wanda ya warware su, da lambar wayar wata nas da gidanta bai da nisa da inda aka ga gawar.

Wannan jerin shi ne babban abin da Trove ya ba ni, kuma shi ya sa nake yaba shi. Idan ka karanta abu a ranar da aka rubuta shi za ka ga me aka sani a lokacin da me ba a sani ba, za ka ga inda ɗan jarida ya ce ana zato, sannan bayan shekara ashirin wani ya kwafa ya cire ana zaton, bayan shekara sittin kuma mai bidiyo ya faɗe shi da murya mai ban tsoro kamar shi ya gani da idonsa. Maganar cewa ɗan leƙen asiri ne misali, ana cikin yaƙin cacar baka lokacin, ga filin gwajin makamai na Woomera a jihar Kudancin Ostireliya inda Adelaide take, to dole zato ya tafi can, amma in ka koma ɗan labarin nan na ranar farko babu ko ƙamshin wannan, mutum ne kawai ya mutu ba a san danginsa ba. Gani ya kori ji, kuma ni tun daga lokacin duk abin da aka ce min a kan kowane kes sai in tambaya a wace jarida, wace rana, wane shafi.

Ta fuskar neman abu kuwa, sai ka ɗan koya tukunna. In ka rubuta suna haka kawai zai kwaso maka dubban sakamako har kanka ya yi ciwo. Abin da ke aiki shi ne ka sa sunan cikin alamar zance don ya nemo kalmomin a jere, in kuma kana tsoron akwai suna na tsakiya sai ka ƙara alamar ~ da lamba a bayansa, ya nemo kalmomin ko da akwai wasu biyu ko uku a tsakaninsu. Sannan ka tace da jiha, da shekara, da sunan jarida, da irin rubutun, don sun raba labarai daban, talla daban, sanarwar iyali daban. Ni wannan rabewar ita ce ta fi min komai amfani, zan dawo kanta.

Matsalar da kowa zai ci karo da ita ita ce karatun kwamfutar. Jaridar da ta shekara saba'in ko ɗari, tawada ta dushe, takarda ta yi duhu, wani wurin an naɗe ta, to kwamfuta sai ta karanta e a matsayin c, ko ta haɗe r da n su zama m, suna kamar Keane ya koma wani abu da ba za ka taɓa tunanin rubutawa ba. Ma'ana labarin yana nan a ciki amma in ka nema ba zai fito ba, kai kuma ka tafi kana cewa babu. Wannan ba abin da za a ga laifin kowa ba ne, haka tsohuwar takarda take, kuma abin da suka yi a kai shi ne ya ƙara min son shafin: sun bar ƙofa a buɗe duk mai karatu ya gyara. Ka duba hoton, ka ga abin da aka rubuta na gaskiya, ka gyara layin, shikenan daga yau duk wanda ya nemi wannan sunan a duniya zai same shi. 'Yan sa kai sun gyara ɗaruruwan miliyoyin layuka a haka. Labaran Somerton manya kusan duk za ka tarar an riga an gyara su tas saboda masu bibiyar kes ɗin suna da yawa, amma da ka sauka daga kan babban titi ka shiga ƙananan talla da sanarwa sai ka ga rubutu a hargitse, a nan aiki yake. Dabarata ita ce in nemi suna ta hanya uku ko huɗu, sannan in nemi sunan titi ko unguwa maimakon sunan mutum, wani lokacin kuma in haƙura in buɗe jaridar ranar in bi shafin da ido tun daga sama har ƙasa.

Sashen da suke kira Family Notices, wato sanarwar haihuwa da aure da rasuwa da jana'iza da tunawa da mamaci, wannan ga mai binciken salsala zinare ne. Mutanen lokacin in an yi rasuwa sai su buga a jarida su jero kowa, mijin wance, mahaifin wane da wane da wance, surukin wane, kakan su wane, har da adireshin gidan da za a ɗauki gawa. Sanarwa ɗaya mai layi shida za ta iya ba ka gida guda da sunan auren kowace 'ya mace, abin da in a takardun gwamnati ne sai ka nemi satifiket biyar ko shida. Kuma duk shekara ranar da mutum ya rasu sai 'yan'uwa su sake buga tunawa da shi, to a nan za ka ga wanda ya ƙaru a gidan da wanda sunansa ya daina fitowa. Na sha zama ina karanta irin waɗannan har in manta abin da ya kawo ni, uwa tana buga 'yan baitoci ga ɗanta da ya mutu a yaƙi shekara bayan shekara, abin yana taɓa zuciya sosai.

A nan ne kuma na yi kuskuren da har yanzu in na tuna sai gabana ya faɗi. Na ɗauki sunan Keane na bi, kamar yadda dubban mutane suka bi kafin ni. Na samu wani gida da sunan ya yi daidai, akwai namiji da shekarunsa suka yi kusa, kuma daga wajen 1948 na daina ganin sunansa a sanarwar gidan. Kwana da kwanaki ina haɗa salsalarsu, na kai ga jikoki, har na ga wasu da nake jin su ne a Facebook, kuma zuciyata tana ta raya min cewa na gano abin da ya gagari 'yan sanda shekara saba'in. Na rubuta dogon bayani zan saki. Abin da ya tsayar da ni shi ne ɗan labarin nan na 2 ga Disamba, na tuna mutumin da jarida ta kashe shi yana raye, sai nace bari in ƙara dubawa. Na koma na nema da sunan unguwa, sai ga mutumin nawa a wata sanarwar rasuwa ta shekarun bayan 1948 an lissafa shi cikin masu rai da aka bari, kwamfuta ce ta karanta sunan a karkace shi ya sa bai fito min ba tun farko. Da na saki wannan rubutun da na ɗora wa bayin Allah da ba su ji ba ba su gani ba wani abu da zai bi su a intanet har abada. Zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya, balle wanda bai zama ba. Kuma ba sabon abu ba ne, a 2013 bayan harin bam na gasar gudu a Boston masu bincike a shafin tattaunawa na Reddit sun kama sunan wani ɗalibi da ya ɓata suka ce shi ne, aka dami iyayensa da suke cikin tashin hankalin neman ɗansu, daga baya ta bayyana ba ruwansa, har shafin ya fito ya ba da haƙuri. Na goge duk abin da na tara a kan gidan nan, kuma ba zan faɗi ko unguwarsu ba.

Wani abu da ya kamata ka sani kafin ka fara shi ne katangar 1954. Yawancin jaridun da ke Trove a nan suke tsayawa saboda dokar haƙƙin mallaka. The Advertiser da News na Adelaide da The Age ta Melbourne duk a 1954 suka tsaya, The Argus ta kai 1957, Canberra Times ce ta yi nisa har 1995. Ga kes ɗin Somerton wannan ya wadatar don shekarun farko duk suna ciki, amma in kes ɗinka na shekarun 1960 ne ko 1970 za ka samu kaɗan ne kawai. Kuma ga mai haɗa salsala, daidai inda kake so ka gangaro daga kakanni zuwa jikoki a nan hanya take yankewa. Da farko abin ya dame ni, yanzu kuwa ina ganin har da alheri a ciki, don yana rage saurin da mutum zai yi ya faɗa kan rayayyu.

Saboda wannan katangar ne na je na gwada wani shafin salsala na kuɗi, ba zan kama sunansa ba. Sun ce gwaji kyauta na 'yan kwanaki, na sa kati, kwanakin na cika suka cire kuɗi ba wani tuni da na gani, kuma kafin in samu inda ake soke rijistar sai da na sha zagaye. Wannan ma da sauƙi. Abin da ya fi ɓata min rai shi ne jadawalin dangi da masu amfani da shafin suke ɗorawa, wani ya yi kuskure ya haɗa mace da mijin da ba nata ba, mutum ashirin sun kwafa, kai kuma ka zo ka ga wuri ashirin sun faɗi abu ɗaya ka ɗauka hujja ce, alhali kuskure ɗaya ne aka haifa sau ashirin. Na ga inda aka sa mace ta haihu bayan shekarar da aka ce ta rasu kuma ba wanda ya tsaya ya duba. Ba na cewa shafukan kuɗi ba su da amfani, akwai rijistar masu zaɓe da takardun jiragen ruwa da za ka samu a can cikin sauƙi, amma jadawalin wani ba hujja ba ne, alama ce kawai ta inda za ka je ka duba. Abin da na fi haɗawa da Trove yanzu shi ne shafin salsala na FamilySearch wanda shi ma kyauta ne, da kundin haihuwa da aure da mutuwa na jihar Victoria da ake iya dubawa ba kuɗi sai in satifiket kake so, da kundin tarihi na ƙasa na Ostireliya don takardun sojoji.

Sai kuma abin da ya faru a 2022, wanda ya nuna min iyakar Trove da kuma darajarsa a lokaci ɗaya. A watan Mayu 2021 'yan sandan Kudancin Ostireliya sun tono gawar don gwajin DNA. Amma kafin a ji daga gare su, ranar 26 ga Yuli 2022 Farfesa Derek Abbott na Jami'ar Adelaide, wanda ya shafe sama da shekara goma a kan kes ɗin, tare da Colleen Fitzpatrick ƙwararriyar binciken salsala daga Amurka, suka sanar cewa mutumin shi ne Carl Webb, ana kiransa Charles, an haife shi 1905 a Footscray da ke Melbourne, auta a cikin 'ya'ya shida, injiniyan lantarki mai ƙera kayan awo. Daga gashin da ya maƙale a filastar nan ta 1949 suka samo DNA, suka dace da wasu dangi na nesa, suka gina salsala mai sunaye wajen 4,000 har suka ƙuntato ta kan mutum ɗaya da babu takardar mutuwarsa a ko'ina. Irin hanyar da aka bi a Amurka a 2018 aka kama wani mai kisan kai, Joseph DeAngelo, ta shafin kwatanta DNA na GEDmatch, bambancin kawai a nan mamaci ake nema wa suna. A lokacin sanarwar 'yan sanda sun ce tabbatarwa ta ƙarshe tana hannun alƙalin binciken musabbabin mutuwa.

Maganar gaskiya, ko shekara ɗari zan yi a Trove ba zan taɓa kai wa ga sunan Webb ba, don babu abin da ya haɗa sunan da bakin tekun Somerton a jarida. Wannan aikin na ɗakin gwaji ne da ƙwararru, duk wanda ya ce maka da waya da data zai warware irin wannan kes ɗin shi kaɗai yana yaudarar kansa ne. Amma da sunan ya fito, a daren na koma shafin, sai abubuwa suka fara zama a mazauninsu. Mijin yayar Webb sunan gidansu Keane, kuma sunansa da T ya fara. Wato sunan da ke jikin tayen bai yi ƙarya ba, mu ne muke neman Keane a matsayin mamacin alhali suruki ne. A rashin sani kaza ta kwana a kan dami.

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne wata 'yar sanarwar kotu ta 1951 a jaridar Melbourne. A lokacin idan mace ta kai ƙara a raba aure kuma ba a san inda mijin yake ba, kotu kan sa a buga a jarida ko zai gani ya zo ya kare kansa. To ga sanarwa ana kiran Carl Webb, ana cewa matarsa ta shigar da ƙara bisa ya tafi ya bar ta, ba a san inda yake ba. Sun yi aure a 1941. Lokacin da ake buga wannan kiran mutumin ya fi shekara biyu a kabari a Adelaide da dutse a kansa da aka rubuta ba a san ko wane ne ba, hoton fuskarsa ya zagaya jaridun ƙasar, ana ta cewa ɗan leƙen asiri ne ko baƙo daga Turai. Layukan nan suna nan a buɗe ga kowa shekara da shekaru a cikin ƙananan rubutun da ba mai karantawa. Na daɗe ina kallon sikirin ban iya komai ba. Ni da na shigo don lambobin sirri da littafin waƙoƙi, sai ga shi abin da ke gabana aure ne da ya lalace da mutumin da ya fita daga gida bai dawo ba. Har yau kuma sanin sunan bai faɗa mana me ya kai shi Adelaide ko me ya kashe shi ba, haruffan bayan littafin ma suna nan yadda suke.

Wasu 'yan ƙananan abubuwa ga mai son gwadawa. Kusan komai da Turanci ne, kuma Turancin jarida na da, da gajerce-gajercen kalmomi a talla da sai ka saba. A waya yana buɗewa, amma shafin jarida na lokacin faɗi ne da shi ga ƙananan haruffa, to in za ka yi dogon zama kwamfuta ta fi, idonka zai gode maka. Hotunan shafukan suna cin data in kana ta zuƙowa da matsarwa, ni nakan fara karanta rubutun gefe tukunna, sai in na ga labarin ya shafe ni in buɗe hoton in tabbatar. Kuma dan Allah duk abin da ka samu ka ajiye linkinsa da sunan jarida da rana da shafi a take, kowane labari yana da nasa linki na dindindin, na sha ganin abu da daddare in ce gobe zan dawo, goben in neme shi sama ko ƙasa in rasa kalmar da na yi amfani da ita.

Akwai lokacin da hankalinmu ya tashi, ƙarshen 2022 zuwa farkon 2023, da aka ce kuɗin da ake gudanar da shafin zai ƙare a ƙarshen Yuni 2023 kuma ana iya rufe shi. Masana tarihi da masu binciken dangi suka yi ta kiraye-kiraye, a watan Afrilu 2023 gwamnatin Ostireliya ta sanar da dalar ƙasar miliyan 33 na shekara huɗu. Na ji daɗi sosai ranar, don abu ne da talakan ko'ina a duniya yake shiga ya karanta daidai da farfesa.

In tambayata za ka yi ko ya cancanci lokacinka, eh, ɗari bisa ɗari, in dai kes ɗin da kake bi ko dangin da kake nema suna da alaƙa da Ostireliya kafin 1955. Ko da ma kes ɗin wata ƙasa ne ka gwada, don jaridunsu suna ɗauko manyan labaran Ingila da Amurka ta waya su buga, wani lokacin a nan za ka ga rahoton da a can sai ka biya. In kuma amsa kake so a ba ka a dunƙule cikin minti goma, ba zai maka daɗi ba, takardu ne zai zube maka a gaba ya bar ka da su. Ni yanzu na rage farautar sunaye, abin da nake yi in na samu sarari shi ne in buɗe shafin sanarwar iyali na jaridun Melbourne na 1948 da 1949 in gyara layi talatin ko arba'in kafin in kwanta, musamman ƙananan tallan nan na masu cigiyar ɗan'uwa da ya ɓata, waɗanda kwamfuta ta fi hargitsa sunayen da ke ciki.